Na Goya Waya a Ƙugu, Wata Ta Wanke Aminiyata

Assalamu alaikum, masu karatun wannan mujalla. Ku ajiye abin da ke hannunku, ku gyara zama, ku ba tsohuwa aron kunne. Na nesa ya matso, mai waya a hannu ya kifa ta a cinya, don maganar a kanta take. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne, ko da kun ji bakina yana tafiya irin na masu tatsuniya. Haka aka raine ni, ban iya wata magana ba. Ban taɓa shiga aji ba, ko allon ma ban yi nisa ba, 'yan surorin salla ne kawai a kaina. Malamar da ke koyar da matan aure a layinmu ita ke rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta sa sunan kowa, kada ta yi mini kwalliya a inda na yi muni.

A unguwar Nima ta birnin Ankara aka haife ni, a Nima na yi aure, na haifi nawa, na binne mijina. Sana'ata koko da ƙosai a bakin babban gwata, tun ina tsugunne a gefen uwata har na gaji kaskonta. Amma ba da ƙosai aka san ni ba. Wankan gawar mata shi ne aikina na Allah, na karɓe shi daga hannun gwaggona. Daga Nima har Maamobi, in mace ta cika, ni ake nema kafin a nemi mai haƙa. A lokacin da nake ba ku labari ina da girman kai, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini. Gani nake duk wanda bai taɓa juya gawa da hannunsa ba yaro ne, ko da furfura ta cika masa gemu. In mutum ya kawo mini shawara sai in dube shi daga sama zuwa ƙasa, in tambaye shi ko ya san nauyin kan mamaci. In bai sani ba, to ni ma na gama da shi.

Wannan aiki ba ruwan ɗumi da magarya da kafur ba ne kawai. Kowa zai iya koyon farawa da dama da rufe jiki da zane. Babban abin shi ne baki. Abin da ido ya gani a ɗakin wanka, a ɗakin ake barinsa, a zubar da shi tare da ruwan. Na ga tabon duka a jikin matan da ake cewa sun ji daɗin aure, na ga ciwon da aka ɓoye wa 'ya'ya, ban taɓa fitar da ko ɗaya ba. To akwai wata a Maamobi da ita ma ta tsoma kanta cikin aikin, wata Hajiya mai tabarau da haƙorin Makka. Ta ɗan taɓa boko tana yarinya, shi ya sa in kun shiga motar haya ta trotro tare sai ta dinga karanta allunan shaguna da ƙarfi don direba ya san ba da jahila yake tafe ba. Ba don lada ta shiga wanka ba, don zanen da ake bai wa mai wanka ne, da kuma labari. Ba ta tona asiri kai tsaye, ta fi haka wayo. In ta fito daga ɗakin sai ta cire tabarau, ta goge, ta ja dogon numfashi, ta ce Allah dai ya rufa mana asiri, ta yi shiru. Sai mata su kewaye ta suna roƙo, ita kuma tana sakin maganar kaɗan-kaɗan kamar mai raba alewa ga jikoki. Na tsane ta, ta sani, ita ma ba ta ƙaunata.

Ina da aminiya guda. Ta zo Ankara daga arewa tana budurwa, kayayo ce mai dako a kasuwa, tasa a ka, ƙafa ba takalmi, Hausa ko kalma ɗaya babu. A gaban kaskona ta koyi Hausa, da sunan ƙosai ta fara. Daga baya ta auri wani mai goro ɗan babban gida a Maamobi, ta kafa tukunyar waake, shinkafa da waken nan namu, ta haifi 'ya'ya, ta zama uwar gida mai daraja. Yaya take ce mini har tsufa ya kama mu. Wata rana bayan mijinta ya rasu, ciwon sukari da hawan jini sun fara kayar da ita, ta kira ni ɗakinta da rana tsaka, ta sa sakata, ta kwance zane. Kun san al'adar 'yan kasuwa da masu yawan tafiya a ƙasar nan, suna sa a rubuta musu sunansu da garinsu a hannu da allura da baƙin tawada, don in mota ta faɗi a san inda za a kai gawa. To ita nata rubutun ba a hannu yake ba, a ƙarƙashin nononta na hagu yake, kuma ba sunanta ba ne. Ta ce mini sunan wani namiji ne, wanda ya tsare ta a shekarun da take kwana a barandar shaguna, ta so shi irin son ƙuruciya, ta sa aka rubuta shi a jikinta, shi kuma ya auri wata. Mijinta ya gani, ya yafe, ya tafi kabari da maganar. Amma mai sunan yana nan da ransa a unguwa, da geminsa, a sahun gaba. Kuma babbar 'yarta a farkon auren aka haife ta, aminiyata kuwa ta san halin masu ƙirga watanni da yatsa.

Na kalli rubutun, a idona kamar sawun kiyashi ne, ban san me ya ce ba, ban kuma tambaya ba. Ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce shi ya sa ta zaɓe ni, wai Yaya ba ki da karatu kuma ba ki da baki, Allah ya haɗa miki kyauta biyu. Ta ɗauko likkafaninta da ta saya ta naɗe da turare, ta ɗora mini a cinya, ta ce in ajiye a akwatina, ranar da ta cika kada hannun kowa ya taɓa ta sai nawa, musamman mai tabarau. Na ɗauki alkawari, na sa Allah a tsakani. Na ce mata ko a ina nake, in an kira ni zan zo, ko da rarrafe.

A kan kalmar nan ta kira komai ya rataya. Ɗana da ke ƙasar waje ya aiko mini waya mai faɗin fuska, irin wadda ake shafawa. Ban iya karanta komai a kanta ba, amma na san kore ɗauka ne, ja kashewa ne, na san danna alamar da ake magana a aika, na kuma san ɗan hoton batir da ke can sama a kusurwa. Lokacin dumso ya yi tsanani, a ɗauke wuta yau, a kawo gobe, a sake ɗaukewa kafin ka gama godiya. Sau ɗaya wayata ta mutu, aka yi rasuwa a can ƙasan layi, aka neme ni ba a samu ba, mai tabarau ta je. Washegari ta biyo ta rumfata ta sayi ƙosai, abin da ba ta taɓa yi ba, tana cewa wai tsufa ya fara kama wayar wasu kamar yadda ya kama masu ita. Nan take na tuna aminiyata da ke kwance.

A tashar trotro ta Sakul na haɗu da wanda ya sayar mini da masifa. Wani siririn mutum ne da jaka a wuya, baki kamar an shafa masa man shanu, tun daga nesa yake kirana Hajiya Mama, ni da ban taɓa ganin Makka ba. Ya fito da wani baƙin abu kamar sandar sabulu, ya ce sunansa pawa banki, ana ɗura masa wuta ya riƙe, shi kuma ya shayar da waya ko babu lantarki. Ya ɗora mini a tafin hannu ya ce in ji nauyi, wai nauyin nan duk wuta ce. Ya rantse da kabarin uwarsa cewa daga Dubai ya zo, in an cika shi sau ɗaya zai yi mako yana ciyar da waya goma. Sannan ya faɗi maganar da ta shige ni har ɓargo, wai waya kamar jariri take, ba a barinta da yunwa, batirin da ake bari yana sauka shi ke saurin mutuwa. Ya ƙara mini wata siririyar igiyar caji kyauta, ya ce don na yi kama da kakarsa. Allah ya isa tsakanina da shi da kakar tasa. Abin ya yi arha har ya kamata in tsaya in yi tunani, amma sai na ɗauka wayona ne ya ci nasa.

Da na dawo gida sai na yi abin da na iya. Jariri goya shi ake yi. Na samo robar tayar keke, na haɗa waya da pawa banki baya da ciki, na ɗaure tam, igiya a jone, na zura su cikin lalitata, na ɗaura a ƙugu a ƙarƙashin zane, na ɗora wani zanen a kai saboda masu fizge. Tun daga ranar ban raba su ba. In ana kirana, da goyon nake ɗagowa in kara a kunne. In zan saurari wa'azi ko gaisuwar jikoki, a jone. A rumfata akwai wayar wuta da mai shagon baya ya ja mini, to in da lantarki sai in jona pawa bankin, shi yana sha, wayar tana shan nasa, duk suna jikina, ni kuma ina zaune gab da murhun kurfoti, gawayi na ci, mai na tafasa, tun asuba har hantsi ya ɗaga. Abin yakan yi zafi har in ji shi a fata. Ni kuwa daɗi nake ji, ina cewa ɗumin ƙoshi ne, har ciwon ƙuguna yake gasa mini. In na leƙa na ga hoton batir cike maƙil, sai in ji babu wadda ta kai ni dabara a Zongo.

Haka muka yi watanni masu yawa. Sai wayar ta fara ƙiba. Bayanta ya taso kamar burodi, murfin ya fara rabuwa da jiki. Na ce ai dole, wanda ke ci kullum zai yi jiki. Na ƙara roba ɗaya na matse.

Kusa da rumfata akwai mai gyaran waya a kiyos na katako, magidanci ne da 'ya'yansa, amma na san shi tun yana yawo ba wando, ni na wanke uwarsa. Wata safiya aminiyata ta ɗan ji sauƙi, ta lallaɓo ta zauna a bencina tana kurɓar koko marar sukari, shi kuma ya zo sayen ƙosai. Aka kira ni, na zaro goyon, ya gani, sai ya ajiye ledarsa ya riƙe baki. Ya ce Mma, don girman Allah in ba shi ya duba. Ya juya shi, ya taɓa, ya janye yatsa don zafi. Ya yi mini bayani a hankali, cikin ladabi. Ya ce shi pawa banki ba abokin gaba ba ne, in mai kyau ne kuma aka san yadda ake amfani da shi ba ya rage wa batir kwana, a jona in waya ta yi ƙasa, a cire in ta ƙoshi. Amma wannan nawa jabu ne, wutarsa tana zuwa tana yankewa, igiyar ma ta banza ce. Ya ce ko da mai kyau ne, babu abin da ke cinye batir kamar zafi, ni kuma na haɗa masa zafin caji da na zane biyu da na jikina da na gawayi, ga shi kullum a cike ba hutu. Ya ce kumburin nan ba ƙiba ba ce, batirin ne ya lalace ya tara iska, wata rana zai iya kama wuta a ƙuguna. Don in gani da idona ya zare igiyar. Wallahi kafin ya gama ɗaure ledar ƙosansa fuskar wayar ta yi baƙi. Ya ce kin gani Mma, wayar nan ba ta da ran kanta, da numfashin wancan take rayuwa, in bar masa ita zuwa la'asar ya sa sabon batir.

Abin da na yi masa, har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na fizge kayana, na ce shi ya kashe ta da mugun hannunsa don ya sayar mini da batir. Na ce ranar da nake juya uwarsa a kan tabarma yana waje yana sharɓar majina, yau shi ne zai koya mini riƙon abu? Na ce mai kwance sukurori a cikin akwatin katako har ya isa ya yi wa mutumin Dubai gyara? Masu jiran koko suka yi ta dariya, ni kuma dariyar tana ƙara mini iska. Aminiyata ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ajiye kofi ta ce Yaya ki ba shi mana, ai ni kike jira a wayar nan, kada ki sa in kira ki in ji Baturiya tana magana. Na ce mata ta sha kokonta, mutuwarta ba ta kusa ba, kuma wayata ba ta taɓa mutuwa ba tun da na goya ta. Mai gyara ya ɗauki ledarsa, ya ce Allah ya huci zuciyar Mma, ya tafi.

Ba a yi wata biyu ba jikata ta haifi ɗa a unguwar Madina ta bayan gari, a can wani sabon gida da surukanta suka koma. Ranar suna na biya ta Maamobi da sassafe. Na tarar da aminiyata zaune a ƙofar ɗaki tana tsintar wake, fuskarta fes. Na ce ko in fasa tafiyar, ta ce in tafi, wai ko Mala'ika ya zo za ta ce ya jira Yayarta ta dawo, in dai taho mata da naman suna, mai kitse, kada in ji maganar likita. Na dafa ƙuguna na ce ga waya nan, ko tari ta yi a kira ni. Ranar ce ta farko da na wuni ban jona abin a wayar wutar rumfata ba tun da na saye shi, amma ban damu ba, ai an ce mini mako yake yi.

A Madina aka ci aka sha, aka yi guɗa, aka zagaya da jariri. Lokaci-lokaci nakan dafa ƙugu in ji nauyin yana nan, in ci gaba da hira. Na lura abin ya yi sanyi, ba ɗumin da na saba ji, sai na ce ai don ba na gaban kurfoti ne. Ko sau ɗaya ban kwance zane na duba ba. Har alfahari na yi. Wata ta ce yau wayar mai wanka shiru, na ce mata ai yau Mala'ikan mutuwa bai bi ta Nima ba, da ya bi da ni zan fara ji. Aka yi dariya. Na zauna har bayan la'asar ina jiran a raba nama, na zaɓo mata mai kitse, na naɗe a leda. Ga cunkoson hanya, sai gab da magariba na sauka a Maamobi.

Tun daga bakin lungun aminiyata na ga rumfa da kujerun roba, na ga maza suna wanke ƙafa daga jar ƙasar maƙabarta. Na tsaya. Na kwance zane a tsakiyar hanya, ban damu da wanda ke kallo ba, na zaro goyon. Waya baƙa, pawa banki baƙi, duk sun yi sanyi kamar waɗanda nake wankewa. Ashe ban daɗe da barin gidanta da safe ba aminiyata ta faɗi a kan tiren waken, kafin a samo mota ta cika. Babbar 'yarta ta kira ni, ta kira, ta kira. Ta aika gidana, 'yan haya suka ce Madina kawai suka sani, ba su san gida ba, ba su da lambar kowa a can. Akwatina kuma a kulle, mabuɗin yana wuyana. Ta roƙi liman aka wuce azahar, ya ce ba za a wuce la'asar ba, haƙƙin mamaci ne. Mai tabarau kuwa tun da hantsi tana zaune a tsakar gidan da bokitinta, ba wanda ya kira ta, tana jan carbi tana duba agogo. Da lokaci ya ƙure ta miƙe ta shiga. Aka sayo wani yadi a kasuwa aka sa aminiyata a ciki.

Na shiga cikin mata da ledar nama a hannu, ban ma san ina riƙe da ita ba. Mai tabarau tana tsakiya, da zanen marigayiya a kafaɗa. Da ta gan ni sai ta cire tabarau, ta goge, ta ja numfashin nan nata. Ta ce sannu da zuwa uwar masu wanka, an sha suna lafiya? Sannan ta juya ga mata ta ce ilimi dai wani lokaci nauyi ne, da ma ita ma ba ta iya karatu ba, da yau ta kwana da sauƙin zuciya. Ba ta ƙara ba. Ba ta buƙatar ƙarawa. Kafin addu'ar uku sunan nan ya zaga Maamobi ya tsallako Nima, a famfo, a wurin niƙa, a bakin masallaci. Matan da suka ci waaken marigayiya kyauta shekara da shekaru su ne suka zauna suna ƙirga watanni da yatsa, suna cewa dama hancin babbar 'yar bai yi kama da na gidan ba. Tir da su, tir da bakin da ya ba su. Ni ma sunan ya shigo kunnena ba da sona ba, na kuma binne shi, ba zai fita ta bakina ba.

Babbar 'yar ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Bayan addu'ar bakwai na kai mata likkafanin. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce Mma, uwata ba ta bar mini wasiyyar gida ko ta zinariya ba, abu ɗaya ta ce, kada kowa ya taɓa ta sai ke. Ta ce in koma da shi, ba ta da abin da za ta rufe da shi yanzu, komai ya riga ya buɗe.

Da ƙafata na je kiyos ɗin mai gyara, na ajiye masa goyon. Ya yanke robar, ya sa sabon batir, wayar ta farka. Sai saƙonnin murya suka fara shigowa, na ranar nan. Na farko muryar 'yar a natse, tana cewa Mma ki zo, Mama ta tafi. Na biyu tana kuka tana cewa ga matar nan ta zo da bokiti, don Allah Mma ki ɗauka. Na ƙarshe ba magana, sai numfashi da ƙarar ruwa ana zubawa a can ciki. Mai gyara ya juya baya yana ta neman abin da bai ɓata ba. Bai ce ai na faɗa miki ba. Daga baya ya sa sukurdireba ya fasa pawa bankin a gabana. Ɗan ƙaramin batir guda ne a ciki kamar yatsa, sauran wurin kuwa ƙullin rairayi ne a leda. Nauyin da aka ce mini wuta ce ke nan. Rairayi na goya a ƙugu kusan shekara, ina taƙama, ina zagin mai gaskiya a gaban mutane.

To ku ji, 'ya'yana da jikokina, musamman tsofaffi irina da aka damƙa mana waya ba a koya mana ba. Kada wani ya ce muku pawa banki mugun abu ne, kada kuma wani ya ce muku shi ne ran waya. Ku sayi na kirki a wurin da za ku iya komawa gobe ku sami mai shi, ba a hannun mai jaka a tasha ba. Ku jona in ta ji yunwa, ku cire in ta ƙoshi, kada ku naɗe su cikin zane, kada ku zauna da su gaban wuta. In kun ga bayan waya ya taso, ba lafiya ba ce, ku kai ta. In kuma akwai wanda ke jiran ku a ƙarshen wayar nan, ku fito da ita ku duba da ido, kada ku dafa ku ji nauyi ku ce tana nan. Amma abin da ya fi ci mini rai ba jahilcin ba ne, don rashin karatuna shi ya sa aka ba ni amanar. Rainin ne. An faɗa mini gaskiya da safe, kyauta, cikin ladabi, a gaban wadda abin ya shafa, na tofar don mai faɗin na girme shi.

Mai jaka na koma Sakul nemansa sau biyu, wurin da yake tsayawa wata mai abarba ce a zaune, ba wanda ya san shi. Ina jin yana wata tashar yana samun masu kama da kakarsa. Mai tabarau tana nan, idon ya fara dushewa, amma bakin lafiya lau, kuma har yanzu akwai masu kiranta, don wasu sun fi son labari da sutura. Mai sunan ya daina zuwa sahun gaba, a gida yake salla. Babbar 'yar ta kwashe 'ya'yanta ta koma wani gari da ake kira Kasuwa, can bayan Ankara, in mun haɗu a taro takan durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida kowace tsohuwa, ba ta ƙara kirana Mma ba. Mai gyara ya bar kiyos ya kama shago na bulo. Kullum da safe nakan aika masa ƙosai, kullum sai ya aiko da kuɗin, ni kuma in mayar.

Ni kuwa ina nan ina wanka. Likkafanin ya daɗe a akwatina, na rasa yadda zan yi da shi. Sai kwanaki aka kira ni, wayar kuma ta ɗauka, wai wata kayayo ta rasu a ɗakin da suke haya su da yawa, ba uwa ba uba a Ankara, 'yan uwan aikinta suna ta haɗa abin sayen yadi. Na buɗe akwati na ɗauko na tafi. Da na yaye zanenta sai na ga rubutu a damtsenta, baƙi, irin sawun kiyashin nan. Wadda ke zuba mini ruwa ta sunkuyo za ta karanta, na ce ta ɗaga kanta ta kalli bango. Na wanke yarinyar, na shafa mata kafur, na naɗe ta a cikin likkafanin aminiyata, na ɗaure.